Dala 70 a awa: rigimar ceton kamfanonin motocin Amurka

Daga ƙarshen shekarar 2008 zuwa ƙarshen 2009, gwamnatin Amurka ta fitar da kusan dala miliyar 80 daga baitulmali domin kada kamfanonin General Motors da Chrysler su ruguje, su da bankunansu masu ba masu sayen mota bashi. Masu adawa da wannan taimako sun ɗora laifin a kan ƙungiyar ƙwadago, suka ce ma'aikacin da ke cin dala 70 a awa shi ne ya karya iyayen gidansa. Adadin ya zagaya duniya. Amma idan aka warware shi, sai a tarar a cikinsa akwai albashin mai aiki, akwai kuma fanshon tsohon da ya bar aiki da kuɗin maganinsa. A kan wanda zai ɗauki nauyin tsofaffin nan ne aka yi ta kai ruwa rana, kuma har yau maganar ba ta mutu ba.

Attajirai sun zo roƙo

Ranar 18 ga watan Nuwamba na 2008, shugabannin manyan kamfanonin motoci uku na Amurka suka zauna gaban wani kwamiti na majalisar dattawa a birnin Washinton. Su ne Rick Wagoner na General Motors, wanda aka fi sani da GM, da Alan Mulally na Ford, da Robert Nardelli na Chrysler. A gefensu akwai Ron Gettelfinger, shugaban UAW, wato sandikar ma'aikatan motoci. Buƙatarsu ita ce rancen dala miliyar 25. Mai karatu ya lura: dalar Amurka ake nufi a nan, wadda a wancan lokaci kowace ɗaya take kusan sefa 500. Washegari, a majalisar wakilai, depitoci suka tona musu asiri a bainar jama'a, cewa kowanensu da jirgin saman kamfaninsa ya zo neman taimako. Aka sallame su hannu rabbana, aka ce su koma su kawo tsari a rubuce. Farkon Disamba suka dawo, wannan karon a mota, tafiyar fiye da kilomita 800 daga Detroit, cibiyar ƙera motocin ƙasar. Kafin nan buƙatar ta hau zuwa miliyar 34.

Ba dare ɗaya suka shiga wannan hali ba. Tun daga 1931 GM ne ke kan gaba wajen sayar da motoci a duniya, sai a 2008 Toyota ya sha gabansa. A 1962 kusan rabin motocin da aka sayar a Amurka na GM ne. A 2008 rabonsa ya koma kashi 22 cikin 100. Shekara da shekaru kamfanonin uku sun jingina ribarsu a kan manya-manyan motoci masu shan mai, suka bar wa Japanawa kasuwar ƙananan motoci. Da tsakiyar 2008 farashin galan ɗin mai, wanda bai cika lita huɗu ba, ya wuce dala 4, sai manyan motocin suka yi kwantai. Ana cikin haka bankin Lehman Brothers ya karye ranar 15 ga Satumba, bankuna suka rufe ƙofar bashi. Ba'amurke kuwa da wuya ya sayi sabuwar mota kuɗi hannu, dillali ma da bashi yake cika filinsa. Motocin da aka sayar a ƙasar suka sauko daga miliyan 16 a 2007 zuwa miliyan 13 a 2008, sannan miliyan 10 da ƴan kai a 2009. GM kaɗai ya yi hasarar kusan dala miliyar 31 a 2008.

Ford ya ɗan fi sauran dama, domin tun a 2006 ya jinginar da kusan duk abin da ya mallaka, har da tambarinsa, ya ranto dala miliyar 23,5 lokacin da bankuna ke da sakin hannu. GM da Chrysler kuwa sun ce abin da ke hannunsu ba zai kai su nesa ba.

Yadda aka haɗa dala 70

Dala 70 a canjin lokacin sefa jika 35 ke nan, a awa ɗaya tak, abin da ya zarce mafi ƙarancin albashin wata a Nijar a wancan zamani. Duk wanda ya ji haka dole ya ce ma'aikatan nan sun wuce gona da iri. Sai dai babu ma'aikacin masana'anta ko ɗaya da ya taɓa ganin wannan kuɗi a takardar albashinsa. Abin da ake biyan cikakken ma'aikaci ɗan sandika kimanin dala 28 ne a awa.

Ga yadda kamfanonin suka yi lissafinsu. Suka tattara duk abin da suke kashewa a kan ma'aikata a shekara, na yanzu da na da, suka raba shi da yawan awoyin da masu aiki a yanzu suka yi. A cikin dala 70 da ɗoriyar da aka samu, kimanin 40 ne kuɗin da ke shiga aljihun mai aiki, idan aka haɗa albashi da ladan ƙarin awoyi da kuɗin hutu. Kimanin 15 kuɗin asibitinsa ne da na iyalinsa da abin da ake ajiye masa na ritaya. Sauran 15 ɗin kuwa na mutanen da suka riga suka bar aiki ne, waɗansu tun kafin a haifi yaron da ake lissafa su a kansa.

A masana'antun da Toyota da Honda da Nissan suka kafa a cikin Amurka, inda babu sandika, jimillar takan kama tsakanin dala 45 da 50. Albashin awa a can bai yi nisa da na Detroit ba. Akwai tazara ta gaske, ta kimanin dala 10, wadda akasarinta daga alawus da kuɗin asibiti ta fito. Ragowar tazarar ta tsofaffi ce. Honda ya fara ƙera motoci a jihar Ohio a 1982, Nissan ya buɗe a Tennessee a 1983, Toyota a Kentucky a 1988. A 2008 ma'aikatansu na farko ma ba su gama tsufa ba.

Ɗan kasuwa zai gane abin cikin sauƙi. A ce mai shago ya taɓa riƙe yara goma, ya yi wa kowane alkawarin ci da magani har ƙarshen ransa. Kasuwa ta ja baya, yara biyu suka rage a shago, takwas suna gida sun manyanta. Idan ya raba abin da yake kashewa a kan mutum goma da kwanakin aikin mutum biyu, zai ga kamar yaransa sun fi na kowa tsada a kasuwar, alhali ladansu bai ƙaru da ko dala ba. Haka ta faru ga GM. A 1979 yana da ma'aikata fiye da 600.000 a Amurka, na ofis da na masana'anta. A 2007 ƴan sandikar da ke masa aiki 73.000 ne, amma yana biyan ƴan ritaya da matan mamata kimanin 340.000. Kowane mai aiki na goye da fiye da mutum huɗu. A 2005 kamfanin ya ce yana biya wa mutum miliyan 1,1 kuɗin asibiti, fiye da dala miliyar 5 a shekara, wato kimanin dala 1.500 a kan kowace motar da ya ƙera.

Duk da haka, kuɗin ƙwadago bai wuce kimanin kashi 10 cikin 100 na kuɗin ƙera mota ba. Ko da an daidaita shi da na Toyota a rana ɗaya, ɗaruruwan daloli ne za su ragu a farashin kowace mota. Motocin Japanawa kuwa sun riga sun fi na Detroit tsada a kasuwa, kuma mutane na barin mai arha su sayi mai tsadar, saboda ƙarko da ƙarancin shan mai. Wannan ba laifin mai ɗaura noti ba ne.

Ita ma sandikar tana da nata rabon zargi. A 1984 ta samu wani tsari wanda a ƙarƙashinsa ma'aikacin da aka rufe sashensa zai ci gaba da karɓar kusan kashi 95 cikin 100 na albashinsa, ko da babu aikin da zai yi. A 2005 an ƙiyasta mutum kusan 12.000 ne ke cikin wannan hali. Ga kuma dokokin rabon aiki masu tsauri, waɗanda ke hana a matsar da mutum daga wannan aiki zuwa wancan ba tare da doguwar muhawara ba.

Asalin alkawarin

An kafa UAW a 1935. Ranar 30 ga Disamba na 1936 ma'aikatan GM a garin Flint na jihar Mishigan suka zauna daram a cikin masana'antu, suka ƙi aiki, suka kuma ƙi fita. Bayan kwana 44 kamfanin ya amince da sandikar. Ford, wanda ya fi kowa taurin kai, ya bi sahu a 1941. A 1950 shugaban sandikar, Walter Reuther, ya sa hannu da GM a kan yarjejeniyar shekara biyar: ma'aikata za su bar kamfani ya yi aikinsa ba yajin aiki, shi kuma zai ba su fansho, ya biya rabin kuɗin kula da lafiyarsu, ya riƙa ƙara albashi gwargwadon tsadar rayuwa. Daga baya kamfanin ya ɗauki kuɗin lafiyar baki ɗaya, har da na ƴan ritaya. Bayan yajin aikin kwana 67 a 1970 aka buɗe hanyar yin ritaya ga wanda ya cika shekara 30 a bakin aiki.

Shi Reuther ya fi son gwamnati ta ɗauki nauyin lafiyar kowa da kowa, kuma ya yi ta fafutukar haka har ƙarshen rayuwarsa a 1970. Amma tun zamanin shugaba Truman irin wannan shiri ya mutu a majalisa, ƙungiyar likitoci da manyan masu jari suna kiransa gurguzu. Saboda haka nauyin ya zauna a wuyan kowane kamfani shi kaɗai. Shugabannin kamfanonin ma abin ya yi musu daɗi a lokacin, domin alkawarin abin da za a biya nan da shekara 30 ya fi ƙarin albashin yau sauƙi, kuma wanda ya yi alkawarin ba shi zai biya ba. Gwamnatin Amurka ta kafa asusun lafiyar tsofaffi a 1965, amma sai mutum ya kai shekara 65 yake shigarsa. Wanda ya fara aiki yana da 20 ya yi ritaya yana da 50, shekara 15 cur kamfani kaɗai ke biyan maganinsa.

A Faransa da Jamus da Japan, har ma da Kanada maƙwabciyar Amurka, kuɗin asibiti na fitowa ne daga asusun gama-gari. Ma'aikacin kamfani a Nijar ma ya san irin wannan tsari wajen fansho: uban gidansa na zuba kasonsa a asusun CNSS, ranar da ya yi ritaya kuwa asusun ne ke biyansa, ko kamfanin na raye ko ya mutu. A Detroit, makomar tsoho a ɗaure take da yawan motocin da kamfaninsa ya sayar a bana.

Daren 11 ga Disamba

Ranar 10 ga Disamba na 2008 majalisar wakilai ta amince da rancen dala miliyar 14. Washegari da dare maganar ta je majalisar dattawa, inda ake buƙatar ƙuri'a 60. Sanata Bob Corker na jihar Tennessee ya gindaya sharaɗi: sai sandika ta yarda a daidaita kuɗin ma'aikatanta da na kamfanonin ƙetare a cikin shekarar 2009, da ranar da aka tsayar. Gettelfinger ya ce a jira har 2011, lokacin da wa'adin yarjejeniyar da ke aiki zai cika. Aka tashi baram-baram. Ƙuri'a 52 aka samu, 35 suka ƙi.

Da yawa daga cikin masu ƙin sun fito ne daga jihohin kudu, inda kamfanonin ƙetare suka yada zango. Su ma jihohin nan ba baƙin tallafi ba ne. A 1993 jihar Alabama ta ba Mercedes rangwamen lanho da fili da sauran alfarma na kimanin dala miliyan 250 domin ya zo ya kafa masana'anta. A 2008 ɗin kanta Volkswagen ya samu alkawarin fiye da miliyan 500 domin ya gina tasa a Chattanooga, garin da Corker ya taɓa yi wa magajin gari. Akwai kuma masu adawa saboda aƙida, kamar Mitt Romney, ɗan tsohon shugaban wani kamfanin motoci, wanda ya rubuta a jaridar New York Times cewa a bar kamfanonin su bi ta kotun karayar arziki, domin kuɗin gwamnati zai jinkirta gyaran ne kawai.

Masu goyon baya sun kafa hujja da sarƙar da ta ɗaure masana'antar. Dubban ƙananan kamfanoni ne ke ƙera kujeru da gilasai da wayoyin lantarki, kuma akasarinsu na sayar wa kowa da kowa. Idan GM ya faɗi da bashinsu, su ma sun faɗi, sai Ford da Toyota su rasa kayan haɗi. Shi ya sa Mulally ya roƙa a ceci abokan hamayyarsa. Wata cibiyar bincike ta garin Ann Arbor, wadda ke kusa da masana'antar, ta ƙiyasta cewa rugujewar kamfanonin uku za ta ci ayyuka kusan miliyan 3 a shekarar farko.

Ranar 19 ga Disamba, saura wata ɗaya ya bar mulki, shugaba George Bush, ɗan jam'iyyar da ta kashe dokar a majalisa, ya ɗebi dala miliyar 17,4 daga asusun miliyar 700 da aka ware domin ceton bankuna, ya ranta wa GM da Chrysler. Waɗanda suka ga zamanin gyaran tattalin arziki a ƙasashenmu, suka ga an rufe bankin BDRN a 1990 da kamfanin Air Afrique a 2002, sun tuna darasin da aka riƙa karanta musu daga Washinton, cewa gwamnati ba ta tallafar kamfanin da ya gaza. Da ciwon ya zo gidan boka, wani magani dabam ya sha.

Rabon kaya a gaban kotu

Barack Obama ya karɓi mulki a Janairun 2009. A ƙarshen Maris gwamnatinsa ta yi watsi da tsarin da kamfanonin biyu suka kawo, ta tilasta wa Wagoner sauka. Chrysler ya shiga kotun karayar arziki ranar 30 ga Afrilu, GM ranar 1 ga Yuni. A dokar Amurka wannan ba ya nufin rufe ƙofa. Kotu na kare kamfani daga masu binsa bashi yayin da yake sake tsari, muddin akwai mai ba shi kuɗin gudanarwa. A 2009 babu bankin da zai iya ba da irin wannan kuɗi, saboda haka gwamnati ce ta bayar, kuma mai ba da kuɗi shi ke tsara rabo. Aka sayar da masana'antu masu amfani ga sabon kamfani, aka bar wa tsohon basussuka da kufai. Cikin kwana 40 sabon GM ya fito.

Gwamnatin Amurka ta riƙe kusan kashi 61 cikin 100 na sabon kamfanin. Kanada da lardinta na Ontario, waɗanda su ma suka zuba kuɗi, suka samu kusan kashi 12. Asusun lafiyar ƴan ritaya na sandika ya samu kashi 17,5, masu takardun bashi kuma kashi 10. A Chrysler, asusun ƴan ritaya ya riƙe fiye da rabi, kamfanin Fiat na Italiya ya karɓi kashi 20 da ragamar gudanarwa ba tare da ya biya kuɗi ba.

Masu hannun jari a tsohon GM sun rasa komai. Masu binsa bashin dala miliyar 27 sun tashi da kaso kaɗan. Bankunan da suka ranta wa Chrysler miliyar 6,9 da jingina an ba su miliyar 2, wato 29 a kan kowace 100. Su ne suka fi ɗaga murya cewa an fifita sandika a kansu saboda siyasa, kuma maganarsu na da kamshin gaskiya, domin a al'ada mai jingina ke fara karɓa. Gwamnati ta amsa cewa ana iya ƙera mota ba tare da tsofaffin masu bashi ba, amma ba a iya ƙera ta ba tare da ma'aikata ba. Dillalai ma sun ɗanɗana kuɗarsu. Chrysler ya yanke hulɗa da dillalai 789, ya ba su ƙasa da wata ɗaya su kwashe kayansu. GM ya aika wa kimanin 1.100 takardar sallama. Aka kashe sunayen Pontiac da Saturn da Hummer, aka rufe masana'antu fiye da 10, ayyuka kimanin 21.000 suka salwanta a GM. Ma'aikatan ofis na Delphi, kamfanin kayan haɗin da ya fita daga jikin GM, su kimanin 20.000 waɗanda ba su da sandika, an rage wa da yawansu fansho, alhali GM ya cika wa ƴan UAW nasu.

Sandikar ta tsira da abubuwa biyu: ba a taɓa fanshon tsofaffinta ba, ba a kuma rage albashin awa na waɗanda suka daɗe a aiki ba. Abin da ta bayar shi ne ƙarin tsadar rayuwa, da tsarin biyan marasa aiki, da ƴancin shiga yajin aiki a GM da Chrysler har zuwa 2015. Asusun lafiyar ƴan ritaya ya karɓi hannun jari a madadin wani babban ɓangare na tsabar kuɗin da yake bi, tsofaffi kuma suka rasa kuɗin likitan haƙori da na ido.

Mafi nauyin kaya kuwa ya faɗa kan waɗanda ba su nan lokacin da aka yi rabon. Tun a yarjejeniyar 2007 sandika ta yarda a riƙa ɗaukar sababbin ma'aikata a kan kimanin dala 14 a awa, rabin na tsofaffi, babu tabbataccen fansho, babu kuɗin asibiti bayan ritaya. A 2009 aka ɗage iyakar yawan waɗanda za a iya ɗauka a haka. Sai ga mutum biyu tsaye a layi ɗaya, wannan na ɗaura ƙofar dama, wancan na ɗaura ta hagu, ɗaya na karɓar ninkin abin da ɗayan ke karɓa. Da haka aka rufe tazarar da ke tsakanin Detroit da Toyota.

Riba ko hasara

GM ya koma kasuwar hannun jari a Nuwamban 2010, gwamnati kuma ta sayar da kasonta na ƙarshe a Disamban 2013. Daga dala miliyar 49,5 da ta zuba a kamfanin, miliyar 39 ta dawo. Idan aka haɗa duka shirin, daga kusan miliyar 80 an maido da kimanin 70, hasarar baitulmali ta ɗan zarce miliyar 9. Masu goyon baya na cewa wannan kaɗan ne idan aka kwatanta da lanhon da za a rasa da kuɗin tallafin marasa aikin yi da za a biya. Masu adawa na cewa an koya wa manyan kamfanoni cewa duk wanda ya girma sosai ba za a bar shi ya faɗi ba. Tarihi ya ba kowane ɓangare shaida. A 1980 gwamnatin Carter ta tsaya wa Chrysler lamunin dala miliyar 1,5, kamfanin ya biya bashinsa tun a 1983, baitulmali har da riba. A Ingila kuwa gwamnati ta karɓi British Leyland a 1975, ta yi ta zuba kuɗi, amma magajinsa, MG Rover, ya ruguje a 2005.

Kasuwa ta farfaɗo, motocin da aka sayar a Amurka suka wuce miliyan 17 a 2015. Birnin Detroit kansa bai samu irin wannan gata ba. Mutanensa sun ragu daga miliyan 1,8 a 1950 zuwa kimanin 714.000 a 2010, kuma a Yulin 2013 hukumar birnin ta karye da bashin kusan dala miliyar 18. Babu ceton da ya zo mata daga Washinton kamar na kamfanoni, aka rage kashi 4,5 cikin 100 daga fanshon tsofaffin ma'aikatanta na farar hula.

Abin da ya faru a Faransa ya nuna cewa nauyin tsofaffi ba shi kaɗai ne ciwon ba. A Fabrairun 2009 shugaba Sarkozy ya ranta wa Renault da PSA, mai Peugeot da Citroën, yuro miliyar 3 kowane, bisa sharaɗin kada su rufe masana'anta a Faransa muddin bashin na kansu. Suka yi sauri suka biya a 2011. A Yulin 2012 PSA ya ba da sanarwar rufe masana'antarsa ta Aulnay, kusa da Paris, da rage ayyuka 8.000. A 2014 sai da gwamnatin Faransa da kamfanin Dongfeng na Sin suka zuba yuro miliyan 800 kowane, iyalin Peugeot suka rasa rinjaye a kamfanin kakanninsu. Babu kuɗin asibitin ƴan ritaya a wuyan PSA kamar na GM. Kasuwarsa ta kudancin Turai ce ta mutu. A Janairun 2021 PSA ya haɗe da Fiat Chrysler, aka sa wa sabon kamfanin suna Stellantis. Peugeot, mai 504 da direbobinmu suka sani, da Chrysler na Detroit sun zama ƴan gida ɗaya.

Ranar biyan bashi

Ƙananan ma'aikata ba su manta ba. Mutuncin sandikar ya zube lokacin da bincike ya gano cin hanci a tsakanin shugabanninta, har aka yanke wa tsofaffin shugabanninta biyu, Dennis Williams da Gary Jones, hukuncin ɗauri a 2021. Bayan haka ƴan ƙungiya suka samu damar zaɓen shugaba kai tsaye, suka zaɓi Shawn Fain a 2023. Ranar 15 ga Satumba na wannan shekara, a karon farko a tarihinta, UAW ta shiga yajin aiki a kamfanonin uku lokaci guda. Hujjarta ita ce an karɓi sadaukarwar 2009 da sunan ta wucin gadi ce, ribar kamfanoni ta dawo tun da daɗewa, abin da aka karɓa kuwa bai dawo ba. Ranar 26 ga watan shugaba Joe Biden ya je ya tsaya tare da masu yajin a Mishigan, abin da wani shugaba mai ci bai taɓa yi ba.

Bayan mako shida aka daidaita. An samu ƙarin albashi na kashi 25 cikin 100 a cikin shekara huɗu da rabi, an dawo da ƙarin tsadar rayuwa, sabon ma'aikaci kuma zai kai cikakken albashi cikin shekara uku maimakon takwas. Ford ya ce yarjejeniyar za ta ƙara kimanin dala 900 a kan kuɗin kowace mota. GM ya ce za ta ci masa dala miliyar 9,3, kuma a rana ɗaya da wannan sanarwa ya ce zai kashe miliyar 10 wajen sayen hannun jarinsa domin amfanin masu jari. Toyota da Honda da Hyundai suka yi maza suka ƙara wa nasu ma'aikata albashi. A Afrilun 2024 ma'aikatan Volkswagen na Chattanooga suka zaɓi shiga UAW. Wata ɗaya bayan haka na Mercedes a Alabama suka ƙi.

Akwai abin da kamfanonin uku suka ƙi ko da tattaunawa ta yi tsanani: mayar da tabbataccen fansho da kuɗin asibitin ritaya ga waɗanda aka ɗauka bayan 2007. Sun yarda su ƙara abin da suke zuba wa kowane ma'aikaci a asusun ajiyarsa, amma alkawarin ɗaukar nauyin mutum har ƙarshen ransa sun ce ba za su sake yin sa ba. Ma'aikacin da aka ɗauka a 2010 zai tsufa da abin da ya tara da abin da gwamnati za ta ba shi. Wa'adin yarjejeniyar 2023 zai cika ranar 30 ga Afrilu na 2028. Sandikar ce ta zaɓi wannan rana da gangan, domin washegari ita ce ranar ma'aikata ta duniya.